Hannuwan Koci Bilkisu

Akwai wata Lahadi a Birmingham da har yau ba ta fita daga raina ba, ko da yake ban zura ƙwallo ba ranar, ban busa usur ba, ban ma ce uffan ba. Malamarmu ta ajin manya ta ce kowa ya rubuta abu ɗaya da ya gani da idonsa a wurin aiki. Ni wannan na zaɓa, saboda 'yan ajinmu da kuma samarin da ke tambayata yadda aikin namu yake.

Sunana Sale, ina zaune a Gorton. Ina aiki da wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata a Manchester. Ni ne mai kula da kaya: wankin riguna, hura ƙwallaye, cika gorunan ruwa, da goge fili idan wata ta faɗi gumi ya jiƙa katako. Sa'ad da na fara ban iya karanta sunayen da ke bayan riguna ba, da lamba nake gane mai ita. Shi ya sa har yanzu idan aka ambaci 'yar wasanmu Tasha, lamba bakwai nake fara gani.

Ga yadda tsarin yake. A sama akwai masu kulob, waɗanda ba mu cika ganinsu ba. Ƙasa da su akwai manaja, Mista Colin, mai kula da kwantiragi da tafiye-tafiye da gidajen da ake saukar da 'yan wasa. Sai babban koci, sai mataimaki, sai kyaftin. Ni ina can ƙarshe, kusa da injin wanki. Akwai kuma wata doka da ya kamata mai karatu ya riƙe: idan ana wasa, mutum ɗaya ne aka yarda ya tsaya a gaban bencin ƙungiya. Babban koci ne ke tsayawa. Mataimaki yana zaune, ko da zuciyarsa na tafasa.

Koci Bilkisu ta daɗe a zaune. A Manchester aka haife ta, mahaifinta likita ne ɗan Zariya, gidansu yana Withington. Ta buga wasa har idon sawunta ya gaza, sannan ta zama mataimakiya. Da babban kocinmu ya tafi a tsakiyar kakar wasa, sai aka ba ta riƙon ƙwarya, aka ce a ga kamun ludayinta kafin a tabbatar da ita. Kujerun babban koci a wasan mata ba su da yawa a ƙasar nan. Wadda ta kuɓuce wa mutum, zai iya tsufa bai ga wata ba. Kawu take ce mini, Hausarta kuma da muryar Manchester take fita. Mu biyu ne kawai masu jin Hausa a kulob ɗin, don haka idan abu ya dame ta, ɗakin wanki take zuwa.

Rigimar ta fara ne da gwiwar Tasha. Ta ji rauni a wani wasan waje, ranar kuma babu fisiyo tare da mu, wato mai duba rauni da jijiya, domin kulob ba ya ɗaukar ta zuwa wasannin waje. Ni na kawo ƙanƙara, Bilkisu ta riƙe ƙafar. Likitoci suka ce sai an yi aiki, kuma sai ta jira layi. Ana cikin jiran ne aka sanar da ita cewa an sallame ta. Ɗakin da take kwana na kulob ne, tare da kwantiragi yake tafiya, don haka aka ce ta fita kafin ƙarshen wata. Yarinyar da ba ta iya sauka matakala sai da sanduna.

Mutane suna jin an ce ƙwararrun 'yan wasa sai su zaci manyan motoci. A wurinmu wata tana koyarwa a makaranta da safe, wata tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, su zo atisaye da idanu jajur. Kowace ta dubi Tasha ta ga kanta.

Kyaftin ɗinmu Denise ce, doguwa, iyayenta mutanen Jamaika ne, bakinta ba ya hutawa. Ita ta tara su. Da farko sun so su ƙi buga wasan Birmingham gaba ɗaya, amma hakan zai jawo wa kulob hukunci, ya cuci 'yan kallon da suka sayi tikiti. Sai suka zaɓi wata hanya daga cikin dokar wasan kanta. A ƙwallon kwando, idan ƙwallo ta shiga hannun ƙungiya, daƙiƙa ashirin da huɗu gare ta ta jefa zuwa kwando. Akwai agogo mai jar lamba a saman allo yana ƙirgawa baya. Idan ya kai sifili ba a jefa ba, ƙaho ya yi ƙara, a ba abokan hamayya ƙwallo. Suka yanke cewa ƙwallon farko da ta zo hannunsu, za su ajiye ta a ƙasa su bar agogo ya ƙare.

Magana ba ta ɓoyuwa a ƙaramin kulob. Ranar Juma'a ina ninke tawul a ɗakin wanki, Mista Colin ya shigo da Bilkisu ya rufe ƙofa. Ya gan ni, amma bai damu ba. Ba mugun mutum ba ne, na sha ganinsa yana jan kujeru da kansa idan ma'aikata sun yi ƙaranci. Ranar dai fuskarsa a ɗaure take.

Ya ce da ita da Turanci, "Bilki, wasan nan za a nuna shi a intanet. Masu ɗaukar nauyinmu za su kalla. Idan suka yi abin nan, da zarar alƙali ya busa, ki nemi hutu, ki fitar da su biyar ɗin, ki sa yaran ƙaramar ƙungiya. Kada su sake shiga ranar."

Ta ce, "Maganar Tasha fa?"

"Wannan ba hurumin koci ba ne. Masu kulob suna so su gani, ke ke juya su ko su ke juya ki. Ranar Litinin za su zauna a kan kujerarki. Ina son ki samu, na gaya miki gaskiya."

Ya juyo wurina ya ce in shirya wa yaran riguna, ta lamba bakwai kuma in bar ta a gida. Ya fita.

Bilkisu ta zauna a kan kwandon wanki. Ta ce, "Kawu, ka ji?"

Na ce, "Injin yana ƙara, Koci."

"Injin a kashe yake."

Muka yi dariya kaɗan, ba mai daɗi ba. Ta cire usur daga wuyanta tana naɗe igiyar a yatsa. Ta ce, "Baba ya ce ran da aka tabbatar da ni zai zo ya kalli wasa. Bai taɓa zuwa ba, ko sau ɗaya. Idan abokansa suka tambaye shi me Bilkisu ke yi, sai ya ce tana harkar motsa jiki. Kai, da kai ne, me za ka yi?"

Na ce, "Ni wanki na sani, Koci. Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri. Tambayata ɗaya ce. A harkar riguna maganar koci nake bi. Lamba bakwai fa?"

Ta mayar da usur ɗin wuyanta. Sannan ta ce, "A wanke ta, a zo da ita. Amma fa ban ce na yanke shawara ba."

Ranar Lahadi da safe muka hau bas muka kama babbar hanyar M6 zuwa Birmingham. Ana yayyafi. A kullum bayan bas kamar kasuwa yake, ranar kuwa tsit. Denise ce kaɗai ta taɓa ni da wasa, ta ce, "Ankul Sale, ka zo da dabinon nan naka? Idan aka kore ni yau, da shi zan fara sana'a." Na miƙa mata leda. Ta ɗauka ta wuce can baya inda yaran ƙaramar ƙungiya suke zaune a takure. Sun san abin da ya sa aka ɗauko su da yawa. Na ji tana gaya musu, "Idan aka kira ku, ku shiga, ku buga da kyau. Babu wadda za ta yi fushi da ku."

Da ta dawo na tambaye ta a hankali ko sun yi magana da Koci. Ta ce, "Ba mu tambaye ta komai ba. Ba ma so mu sa ta a tsakiya." Ban ce mata Koci tana tsakiyar tun Juma'a ba.

Zauren wasan na Birmingham ba babba ba ne, amma ya cika. Na jera kujerun bencinmu, na ajiye gorunan ruwa, na shimfiɗa rigar lamba bakwai a kan kujerar ƙarshe. Mista Colin, wanda ya zo da motarsa, ya zauna a layin farko daidai bayan bencin. Ya ga rigar, ya kalle ni, na sunkuya ina gyara tawul. Kafin a fito, Bilkisu ta ari sallayata ta yi azahar a lungun ɗakin kaya. Ta ɗan jima a zaune bayan ta idar. Da ta miƙe ban iya karanta komai a fuskarta ba.

Alƙalin wasa ya jefa ƙwallo sama, doguwarmu ta doke ta zuwa hannun Denise. Denise ta buga ta a hankali har ta tsallake layin tsakiya, domin akwai wata dokar da ke hana daɗewa a ɓangarenka, kuma ba wannan take so ta karya ba. Sai ta sunkuya ta ajiye ƙwallon a kan katako da hannu biyu, kamar mai kwantar da jariri. Su biyar ɗin suka juya suka fuskanci kujerar da ke ɗauke da rigar Tasha.

'Yan Birmingham ba su taɓa ƙwallon ba. Suka tsaya inda suke. Daga baya Denise ta gaya mini cewa ta roƙi kyaftin ɗinsu abu ɗaya, kada su ɗauke ƙwallon, ba ta roƙi komai bayan wannan ba.

Wanda bai taɓa shiga zauren ƙwallon kwando ba, ba zai san yawan ƙarar da ke ciki ba: kukan takalma a kan katako, bugun ƙwallo, ihun koci, ganga daga 'yan kallo. Duk suka ɗauke a lokaci guda. Na ji ƙarar injin ɗumama ɗaki. Na ji wani jariri yana tari can sama. Jajayen lambobin nan suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙwallo tana zaune ita kaɗai a tsakar fili, babu mai motsi. Shekara da shekaru ina kallon agogon nan yana gudu kamar ana kora shi. Ranar na gane ashe lokacin yana da tsawo.

Ƙaho ya yi ƙara. Alƙali ya busa. Wasa ya tsaya, kuma a irin wannan lokacin ne doka ta ba koci damar neman hutu da sauya 'yan wasa.

Daga bayana na ji muryar Mista Colin ƙasa-ƙasa. "Bilki."

Ta fara takawa zuwa teburin masu kula da agogo. Yadda ake neman hutu shi ne koci ya je gaban teburin ya ɗora tafin hannu a kan yatsa, kamar harafin T. Wannan harafin na san shi a hannun koci tun kafin in san shi a takarda. Matar da ke teburin ta riga ta kai hannu kusa da maɓalli tana jira. Yaran da ke benci sun fara zuge zif ɗin rigunan sanyinsu. Denise tana kallon ƙasa.

Bilkisu ta isa gaban tebur. Hannunta na dama ya ɗago har ƙirji. Sai ta mayar da shi baya, ta mayar da na hagu, ta kama wuyan hannu ɗaya da ɗayan, ta juya ta fuskanci fili.

'Yan kallo da kyamara fuskarta suka gani, a natse, kamar mai jiran bas. Mu da muke bayanta, ni da Mista Colin, mu muka ga hannuwan. Rawa suke yi. Ta matse wuyan hannun har farcenta ya nutse a fata, kamar tana riƙe da wata dabba mai son kuɓucewa. Mista Colin ya sake kiran sunanta, wannan karon da ɗan ƙarfi. Ba ta waiwayo ba.

Aka ba Birmingham ƙwallo. Kocinsu wata dattijuwa ce mai farin gashi, wadda aka san ta da ihu tun daga farkon wasa har ƙarshe. Na ga ta dubi Bilkisu, ta dubi rigar da ke kan kujera, ta koma ta zauna ta harɗe ƙafa. Mai raba musu ƙwallo ta kalle ta, ta buga ƙwallon ta tsallake layin tsakiya, ta sunkuya ta ajiye ta a ƙasa. Su ma biyar ɗin suka juyo suka fuskanci bencinmu.

Ba su san Tasha ba sai a matsayin wadda ke hana su sakat a fili. Ga ƙwallo kyauta an ba su a gidansu, a wasan da suke buƙata. Suka ajiye ta. Agogo ya sake farawa daga sama. Kafin ya kai rabi mutane sun fara miƙewa, layi bayan layi, babu mai magana. Ni ma na tsinci kaina a tsaye da tawul a hannu, ban san lokacin da na tashi ba. Da ƙaho ya yi ƙara na biyu, tafi ya ɓarke har katakon ƙasa yana amsawa.

A nan Bilkisu ta saki hannuwanta. Ta tafa sau ɗaya ta ce da Turanci, "To, yanzu a yi wasa." Aka yi wasa kuwa, irin wanda aka daɗe ba a gani ba, babu mai raga wa wata. Waɗanda suka ajiye mana ƙwallo ɗazu su ne suka riƙa ture mu kamar ba su taɓa ganinmu ba. Na goge fili har hannuna ya gaji. Sun ci mu, ba da yawa ba. Mista Colin bai dawo kujerarsa ba bayan hutun rabin lokaci.

Ranar Litinin ta zo ta wuce ba a ce komai ba. Cikin makon aka gaya wa Tasha ta ci gaba da zama a ɗakinta har a yi mata aiki ta warke, aka kuma fara tura fisiyo tare da mu zuwa wasannin waje. Denise ba a taɓa ta ba, domin ita ke zura mana ƙwallo. Da kaka ta ƙare sai aka gode wa Bilkisu, aka kawo wani namiji daga wani gari aka ba shi kujerar. Babu wanda ya ce saboda Birmingham ne. Babu kuma wanda bai sani ba.

Ran da ta zo kwashe kayanta ta biyo ta ɗakin wanki. Na tambaye ta ko tana da-na-sani.

Ta ce, "Wata rana ina yi, Kawu, ba zan yi maka ƙarya ba. Na so kujerar nan. Har gaban tebur na je da niyyar yi. Amma ni na riƙe ƙafar yarinyar nan ran da ta karye. Da na yi, da wane baki zan sake ce musu su faɗi ƙasa saboda ƙwallo?"

Na ce, "Alhaji babanki fa?"

Ta yi murmushi. "Ya ce ko yanzu zan iya komawa jami'a."

Ta yi watanni tana koyar da motsa jiki a wata makaranta. Daga baya dattijuwar nan ta Birmingham ta kira ta ta zama mataimakiyarta. Ta koma unguwar Handsworth a Birmingham da zama, tana hawa bas zuwa atisaye. Wato ta koma kujerar da ta baro, ta mai zama. Tasha kuwa ta warke tana tafiya lafiya, amma gwiwar ba ta sake ɗaukar wasa ba. Wata ce ke sa lamba bakwai yanzu.

A kakar da ta biyo baya suka zo Manchester su buga da mu. Ni na jera kujerun baƙi, na goge ta biyu da kyau don na san mai zama a kai. Ina cika gorunan ruwa na hango wani dattijo a cikin 'yan kallo, da hula da babban kwat, yana zaune a miƙe kamar a ɗakin jiran asibiti. Ba sai an gaya mini ko wane ne ba, goshinsu ɗaya. Bayan hutun rabin lokaci, wasa ya yi zafi, sai na ga dattijuwar ta daina ihu, ta zo ta zauna, ta dafa kafaɗar Bilkisu. Doka ta ce mutum ɗaya ne zai tsaya, ba ta hana babba ya zauna ƙarami ya tashi ba. Bilkisu ta miƙe. Ita ta ja ragamar har aka tashi, tana kai da kawowa a gaban benci, muryarta na cika zauren. Alhaji bai tafa ba, amma bai ɗauke ido daga kanta ba.

Da na shiga aikin nan na ɗauka koci shi ne mai ba da umarni, 'yan wasa su bi, kuma duk abin da ke tsakaninsu cin wasa ne. Abin da na koya shi ne, 'yar wasa jikinta take ba ka, kuma ba ta bayarwa sai ga wanda ta tabbata ba zai jefar da ita ba ran da jikin ya lalace. Na kuma koyi cewa a sana'ar nan wanda ya tsaya wa mutanensa ba lallai ne a saka masa ba, wani lokaci shi ake fara cirewa. Ku da za ku shigo bayana, za ku ga kocin da ya iya zane a allo, za ku ga mai ƙarfin murya. Ni na yi shekaru a bayan benci, kuma aikin koci mafi girma da na taɓa gani shi ne hannuwa biyu a baya, suna rawa, ɗaya yana riƙe da ɗaya.